Alkawari Kaya Ne, Amma A Kan Wa?

Tun sa'ad da Kwarori suka fara kawo finafinan Indiya gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos, wajen shekarun 1950 zuwa 1960, mutanenmu suka karɓe su hannu bibbiyu. Ba a jin harshen, amma ana gane labarin, domin an ga mata masu kunya da lulluɓi, an ga 'ya'ya suna durƙusa wa iyaye, an ga auren dole da rikicin dangi, duk abubuwan da ba baƙi ba ne a gidajenmu. Garuruwan da ke nesa da manyan birane, irin Birnin Gwari, sai da kaset na bidiyo ya yawaita sa'an nan kallon ya game ko'ina. Yau kuwa yaro na zaune gindin itace, fim na cikin wayar hannunsa, an ma juya masa maganar da Hausa. Ba kuma da silima labarun ƙasar Hindu suka fara shigo mana ba. Akun nan mai ba da labari cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, asalinsa daga wani tsohon littafi ne na can, Kalila wa Dimna da malamanmu ke karantawa da Larabci shi ma can ya samo tushe.

Cikin wannan tulin finafinai akwai iri biyu da na ke so mu auna tare. Na farko waɗanda a ke nuna mutanen Afganistan a ciki, ƙasar duwatsu da ke arewa maso yamma da Indiya. Na biyu waɗanda aka ɗauko daga manyan ƙissoshin Hindu guda biyu, watau Ramayana da Mahabharata. Mai karatu zai ce me ya haɗa kifi da kaska, waɗancan Musulmi ne, waɗannan kuwa labarun wani addini ne dabam. Abin da ya haɗa su shi ne alkawari. Jarumin kowannensu mutum ne da ya furta magana, ya ƙi janye ta ko da za ta kai shi kurkuku ko daji ko kabari. Wannan hali shi ya sa Bahaushe ya ƙaunace su, gama mu ma tun muna yara a ke gaya mana alkawari kaya ne. To, amma kowane kaya da mai ɗaukarsa. Sau da yawa wanda ya yi alkawarin shi ke samun kirari, kayan kuwa a kan wani ya ke sauka, galibi mace ko yaro. Ma'aunina ke nan a kan waɗannan finafinai: wanne ya yarda ya nuna mana mai ɗaukar kayan sosai, wanne kuma ya rufe shi da kiɗa.

Mu fara da wanda kowa ya sani, Khuda Gawah, wanda Mukul Anand ya shirya, ya fito a 1992. Ma'anar sunan, Allah ne shaida. Amitabh Bachchan ya fito a Badshah Khan, wani barde na Afganistan, Sridevi kuwa ta fito a Benazir, 'yar wata kabila da ke gaba da tasa. Sun haɗu a filin buzkashi, wani wasan mahaya ne da a ke jefa gawar akuya ko ta ɗan maraƙi a tsakiya, dawakai su yi ta sukuwa ana fizgar ta, wanda ya tsere da ita ya kai wurin da aka shata shi ya ci. Wanda ya taɓa ganin jahi ran hawan Salla zai gane abin da ya sa wannan buɗewar fim ta kama zukatanmu. Badshah ya nemi aurenta, ita kuwa ta ce sadakinta shi ne kan Habibullah, mutumin da ya kashe ubanta ya tsere Indiya. Badshah ya ƙetara, ya cika aiki, wani jami'i mai suna Ranveer Singh ya kama shi. Sai ya roƙi a ba shi wata guda ya je ya ɗaura aure, ya rantse zai komo da ƙafarsa. Jami'in, ko da ya ke Bahinde ne, ya amince da maganar Musulmi ba tare da jingina ba. Badshah ya tafi, ya yi aure, ya komo kan lokaci, aka rufe shi.

Wurin nan fim ɗin ya yi kyau, ban kuwa ga abin kushewa ba. Mutum biyu, addini dabam, ƙasa dabam, babu takarda babu hatimi, maganar baki kaɗai ta riƙe su. Mu da aikinmu ya ke na rubuta yarjejeniya a ofis mun san sau nawa a ke sa hannu a takarda da safe a warware da maraice.

Amma a dubi abin da ya biyo baya. Ɗaurin shekara 5 ne da farko, sai Badshah ya sake ɗaukar laifin kisan da ba shi ya yi ba, don ya kare wata mata da ya riƙa kamar 'yar'uwa, aka ƙara masa shekaru masu yawa. Ya aika wa abokinsa Khuda Bakhsh, wanda ya bar wa amanar gida, cewa a gaya wa Benazir ya mutu. Ba wanda ya shawarce ta. Ta haihu ba miji, ta ji labarin mutuwa na ƙarya, hankalinta ya gushe, 'yar da ta haifa ta girma ba uwa ba uba ko da ya ke duka biyu suna da rai. Gaskiya ne fim ɗin ya nuna haukar, amma ya nuna ta ne kamar ado, don a ƙara wa jarumi girma, a ce dubi irin mutumin da a ke haukacewa dominsa. Da ya bayyana kuwa sai cutar ta tashi kamar an cire ƙaya, har ta hau doki tare da shi suka hallaka abokin gaba. Duk wanda ya taɓa jinyar mai taɓin hankali ya san ba haka a ke warkewa ba, shekarun da suka wuce kuma ba mai mayar mata da su.

Akwai kuma maganar sadakin nan na kan mutum. An yi masa kiɗa, an yi masa waƙa, an sa mai kallo ya ji daɗi sa'ad da aka kawo shi. Mutanen ƙasar Birnin Gwari ba sa bukatar a koya musu abin da ramuwar gayya ke haifarwa. An sace shanu, an tare wani a kasuwa an kashe, 'yan'uwansa sun shiga daji sun komo da bindiga, an ƙone ƙauye, kowane ɓangare kuwa yana cewa shi ramawa ya ke yi. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 rana ɗaya a ƙauyen Gwaska. A fim, in an sare kan Habibullah sai ɗan'uwansa guda ya taso, a kashe shi, labari ya ƙare. A zahiri 'yan'uwan ba sa ƙarewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin da aka yi fim ɗin. An ɗauki wani sashi nasa a Kabul da Mazari Sharif a 1991, gwamnatin Shugaba Najibullah ta ba 'yan wasan kariya da sojoji, domin ƙasar tana cikin yaƙi. Sojojin Rasha sun shiga a Disamba 1979, sun fita a Fabrairu 1989, mutane fiye da miliyan 5 sun yi gudun hijira zuwa Pakistan da Iran. A watan Afrilu 1992 gwamnatin Najibullah ta faɗi, a watan Mayu fim ya fito. Daga nan ƙungiyoyin mujahidai suka juya wa juna, suka yi ta ruwan rokoki a kan Kabul har suka rushe unguwanni. A 1996 'yan Taliban suka kama birnin, suka kashe Najibullah, suka rufe gidajen silima. Cikin Khuda Gawah ba ka jin ko warin wannan. Dawakai ne da duwatsu da rawuna. Sai dai a faɗi gaskiya, mutanen Afganistan da kansu sun so fim ɗin ƙwarai, wataƙila domin an daɗe ba a nuna su a matsayin masu mutunci ba, wanda kuwa aka saba zagi, ko yabon da ya wuce kima aka yi masa sai ya karɓa.

Na Amurka ba sai an daɗe a kansu ba. A Rambo III na 1988 Ba'afgane mai rawani da bindiga aboki ne, jarumi mai neman 'yanci, saboda a lokacin Rasha ya ke yaƙa. Ba a ma taka ƙasar ba, a Isra'ila da Amurka aka ɗauki yawancin wuraren da aka ce Afganistan ne. Bayan 2001, da sojojin Amurka suka shiga da kansu, sai mai rawanin nan da bindigar nan ya zama abin tsoro da a ke harbi daga nesa. Rawanin bai sake ba, bukatar masu fim ce ta sake. A finafinan duka zamanin biyu da wuya ka ga manomi ko maƙeri ko malamin makaranta.

Wannan ciwo mun san shi. Dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936 a matsayin gandun En'e, ya zama gandun ƙasa a 1999. Ƙasar Birnin Gwari ƙasar noma ce da kiwo da zinariya, tsohuwar hanyar fatake ce da har Baturen nan Clapperton ya bi ta a 1826 zai tafi Zariya da Kano. Amma shekaru da dama, in ka ambaci sunan garin a Kaduna ko Ikko, ba abin da ke faɗo wa mai jin ka sai hanyar da a ke tare motoci. Wanda aka mai da sunan garinsu sunan bindiga, ya kamata ya yi hattara in an nuna masa wata ƙasa aka ce ba kome cikinta sai bindiga.

Mu juya ga ƙissoshin Hindu. Ba zancen addini zan yi ba. Musulmi ba ya karɓar a sa ɗan Adam ya fito a matsayin abin bauta, shi ya sa finafinan gumaka zalla ba su yi kasuwa a wurinmu kamar na soyayya ba. Amma ƙissoshin sun shigo mana cikin wasu tufafi ba mu sani ba. Wanda ya kalli Hum Saath Saath Hain na 1999, inda ƙawaye suka zuga uwar gida ta sa aka nisantar da babban ɗan mijinta don 'ya'yanta su gaji dukiya, ƙannen kuwa suka ƙi zama a kujerarsa, to, Ramayana ya kalla, an dai sa mata kwat da mota. Masu fim na Indiya tun farkon sana'arsu daga wannan rijiya su ke ɗiba, gama fim ɗinsu na farko mai tsawo, Raja Harishchandra na 1913, labari ne na sarkin da ya sayar da matarsa da ɗansa da kansa don kada ya saɓa magana.

Ramayana waƙa ce mai baiti wajen 24,000. Sarki Dasharatha na birnin Ayodhya yana da mata 3. Ya taɓa yi wa ɗaya daga cikinsu, Kaikeyi, alkawarin biya mata bukata biyu duk ran da ta nema. Ana gobe za a naɗa Rama, ɗan uwargida, sai wata baiwa ta zuga ta, ta ce a naɗa ɗanta Bharata, a kori Rama daji shekara 14. Rikicin kishiyoyi da 'yan uba ke nan, ba sai an yi wa Bahaushe tafsiri ba. Rama ya tafi don kada maganar ubansa ta faɗi ƙasa, matarsa Sita da ƙanensa Lakshmana suka bi shi, baƙin ciki ya kashe tsohon. Bharata ya ƙi sarautar, ya ɗora takalman wansa a kan gado yana riƙo da sunansu. Cikin dajin ne Ravana, sarkin Lanka, ya sace Sita. Aka yi yaƙi aka kuɓutar da ita.

Daga nan ne ƙissar ke da nauyi. Da aka kawo Sita gaban mijinta, maimakon ya rungume ta sai ya ce ta zauna a gidan wani namiji, har sai da ta shiga wuta ta fito lafiya don a shaida tsarkinta. Bayan sun koma Ayodhya ya hau gado, tsegumin gari bai mutu ba, sai ya sa aka kai ta daji aka bari, tana da ciki. Tsohuwar ƙissa ba ta ɓoye wannan ba, mutanen Hindu kuwa sun yi ƙarnuka suna gardama a kai.

Ramanand Sagar ya mai da ƙissar wasan talbijin mai kashi 78, aka nuna daga Janairu 1987 zuwa Yuli 1988, kowace Lahadi da safe. Tituna kan yi tsit a lokacin, wasu har furanni su ke rataya wa akwatin. Ya yi ƙoƙari wajen nuna biyayyar ɗa ga uba da amanar ɗan'uwa, kuma wurin da Bharata ya bi wansa daji yana roƙonsa ya komo zai taɓa zuciyar kowa. Amma da ya iso wurin wuta sai ya bi ruwayar wani mawaƙi na baya mai suna Tulsidas, wadda ta ce ai ba Sita ta ainihi aka sace ba, inuwarta ce, ta ainihin an ba wuta ajiyarta tun farko, shigar wutar karɓo ajiya ce kawai. A kashin da ya biyo baya kuma aka nuna Sita da kanta ce ta zaɓi tafiya daji don ta kare sunan mijinta. Ka ga an wanke jarumi tas. An ɗauke laifin daga kansa, an ce wadda aka zalunta ita ta nema.

A nan na ke ganin Sagar ya yi hasara babba, mu ma da za mu amfana mun yi. Cikin shekarun da satar mutane ta yi tsanani a dajin da ya haɗa Kaduna da Zamfara da Neja da Katsina, mata nawa aka ɗauke, aka sayar da hatsi da gona aka fanso su? Ranar komowa akan yi murna. Bayan kwana bakwai fa? Sai a fara magana ƙasa-ƙasa a bakin rijiya da gidan suna. Wata mijinta ya riƙe ta da mutunci, Allah ya saka masa. Wata kuwa ta ga fuska ta sake, kishiya ta sami abin gori, in ta komo da ciki abin ya fi muni, alhali ba ita ta kai kanta ba, maza ne suka kasa tsare ta. Tsohuwar ƙissa ta ajiye wannan tambaya tsirara a gaban mai sauraro: mutumin da ya cika alkawarin ubansa, ya cika wa talakawansa, me ya cika wa matarsa? Wasan talbijin kuwa ya lulluɓe ta don kada ran mai kallo ya ɓaci.

Mahabharat na B. R. Chopra, mai kashi 94, wanda aka nuna daga 1988 zuwa 1990, a ganina ya fi shi nesa ba kusa ba, ko da ya ke kibau masu walƙiya da a ke harbawa a cikinsa yau dariya su ke ba yara. Wanda ya rubuta maganganun 'yan wasan Musulmi ne, Rahi Masoom Raza, masanin Urdu da Hindi. Ƙissar ta 'yan maza zar ce: 'ya'yan wa su 100, Kaurawa, da 'ya'yan ƙane su 5, Pandawa, suna jayayyar gadon sarauta. Aka gayyaci babban Pandawa, Yudhishthira, wanda aka san shi da gaskiya, zuwa caca. Ya ga bai kamata ɗan sarki ya ƙi gayyata ba. Ya sa dukiya aka cinye, ya sa ƙasa, ya sa ƙannensa, ya sa kansa, daga ƙarshe ya sa matarsu Draupadi. Aka jawo ta da gashi zuwa tsakiyar fada, aka tasam ma tuɓe ta.

Chopra bai yi sauri a wurin nan ba, kuma daidai ya yi. Ya bar Draupadi ta tsaya ta tambayi fada: mutumin da ya riga ya sa kansa aka cinye shi ya zama bawa, da wane iko ya sa ta? Sai aka bi fuskokin dattawa ɗaya ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai. Cikinsu har da Bhishma, kakan gidan, jarumin da ba mai iya ka da shi, wanda ya san zalunci a ke yi, amma ya rantse tun yana saurayi zai bauta wa duk wanda ke kan gadon, saboda haka ya yi shiru. Ban san wani wuri a fim da ya nuna yadda alkawari ke zama mafakar matsoraci kamar wannan ba. Mai kallo ba ya fita yana yi wa Bhishma kirari, yana fita ne da haushinsa, ko da ya ke yana tausayinsa.

A cikin wannan ƙissa kuma akwai igiyar da ta ɗaure mu da inda muka faro. Uwar Kaurawa sunanta Gandhari, watau 'yar Gandhara, tsohuwar ƙasa ce da ta haɗa kwarin Peshawar na Pakistan da gabashin Afganistan ta yau. An aurar da ita ga makahon sarki, sai ta ɗaure idanunta da ƙyalle har abada don kada ta fi mijinta. Pandawa sun yi shekara 12 a daji, da shekara guda a ɓoye, suka komo neman haƙƙinsu aka hana, aka gwabza yaƙin kwana 18 a filin Kurukshetra. 'Ya'yanta 100 ba wanda ya saura. Waɗanda suka ci yaƙin ma 'ya'yansu sun ƙare, aka bar mata suna bin gawawwaki. Na kan ce a raina, wannan tsohuwa mai ɗaurarren ido ta fi Benazir ta Khuda Gawah kama da matan Kabul na 1992.

Wani abu kuma da ya kamata a sani, ko da a taƙaice. Wasan Ramayan bai tsaya cikin akwati ba. A 1990 ɗan siyasa L. K. Advani ya zaga Indiya cikin motar da aka yi wa siffar karusar ƙissa, yana kiran a gina wurin bautar Rama a Ayodhya, a daidai inda Masallacin Babri ya ke. Ran 6 ga Disamba 1992 aka rushe masallacin, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka wajen 2,000, yawancinsu Musulmi. Ba za a ce Sagar ya aike su ba, amma masana da yawa a Indiya suna ganin wasan ya share fage. Wadda ta fito a Sita an zaɓe ta majalisar ƙasa a 1991, wanda ya fito a Rama shi ma an zaɓe shi a 2024, dukansu a jam'iyyar BJP. Masu cewa fim wasa ne kawai sai su duba wannan.

Mutanen Hindu suna da ruwaya a kan Valmiki, mawaƙin da a ke danganta wa Ramayana. Sun ce da can ɗan fashi ne mai tare hanya cikin daji. Wata rana ya tare wani mai ibada, mutumin ya ce masa ya je gida ya tambayi iyalin da ya ke ciyarwa da fashi ko za su raba zunubin da shi. Ya je ya tambaya, kowa ya ce abincin dai an ci tare, zunubin kuwa nasa ne shi kaɗai. Daga nan ya tuba. A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka karɓi waɗansu 'yan bindiga da suka ce sun tuba, aka buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Sulhu irin wannan ba abin da ke riƙe da shi sai maganar baki, kamar ta Badshah Khan da jami'in nan. Wanda ya sha wuyar hanya ba zai raina sulhu ba. Amma a irin wannan taro maza ne ke zama, su ke rantsuwa, su a ke ɗauka hoto. Gwauruwar da aka kashe wa miji da yarinyar da aka komo da ita daga daji suna bayan danga. In masu shirya finafinanmu na Kano, waɗanda suka kwashe rawa da waƙa daga Indiya ba su rage ba, suna neman abin aro, ga tambayar Draupadi nan ba wanda ya taɓa ta.

'Yan Afganistan da suka riƙe na'urar da hannunsu ta nan suka fara. Siddiq Barmak ya yi fim mai suna Osama a 2003, bayan faɗuwar mulkin Taliban na farko. Ba doki ba jarumi. Gida ne da yaƙi ya cinye mazansa, an hana mata fita aiki, sai uwa da kaka suka aske 'yarsu suka sa mata kayan maza don ta nemo abinci. Da asiri ya tonu aka aurar da ita ga wani tsoho. Fim ne mai ɗaci, ba kuma na shiga da yara ba ne, amma wanda ya gan shi ya ga abin da Khuda Gawah ya bari a bayan dutse.

Wanda na fi so duka kuwa tsoho ne, baƙi da fari, Kabuliwala na 1961, wanda Balraj Sahni ya fito a ciki, an ɗauko shi daga gajeren labarin da Rabindranath Tagore ya rubuta a 1892. Ba'afganen nan ba barde ba ne, farke ne. Ya bar 'yarsa ƙarama a gida ya tafi Kalkata yana tallar busassun 'ya'yan itace da mayafai, yana ba da bashi, kamar dai kakanninmu da ke tafiya Gwanja sayen goro su yi shekara ba a gan su ba. Ya shaƙu da wata yarinya mai surutu, Mini, 'yar wani marubuci, yana kawo mata zabibi, uwarta kuwa tana tsoronsa, domin ana cewa irinsu satar yara su ke yi. Wata rana wani da ya ci bashinsa ya musa, zuciya ta ɗebe shi ya soke shi da wuƙa, aka ɗaure shi shekaru. Ba a yi wa wuƙar nan kiɗa ba.

Ran da aka sake shi ya nufi gidan su Mini da ɗan ƙunshin zabibi, yana zaton zai tarar da yarinyar da ya bari. Ya tarar ranar aurenta ce, ta fito cikin kayan amarci ba ta gane shi ba. A nan ne ya tuna tasa 'yar ma ta girma haka, ba ta kuwa san shi ba. Ya zaro wata tsohuwar takarda daga ƙirjinsa, ba hoto ba ne, sawun tafin hannun yarinyar ne da aka shafa wa baƙi aka danna, shi ya ke ɗauke da shi duk shekarun nan. Uban Mini ya duba takardar, ya ɗebi kuɗi daga na biki ya ba shi na komawa gida. A labarin Tagore, saboda wannan sai da aka fasa fitilun ado da 'yan badujala, matan gida kuwa ba su ji daɗi ba. Labarin bai bi shi zuwa Kabul ba, ba a gaya mana ko ya tarar da 'yar da rai, ko ta yarda ta kira shi baba.